Ya wuce aji amma ana binsa bashi: yadda dokar kiredi take a jami'o'inmu

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani kawuna ya tare ni a ƙofar shagonsa nan Garwa, ya zaro wata takarda daga cikin littafin da yake rubuta masu cin bashi, duk ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ya ce ɗan nan duba min wannan, shekara uku ina biya wa ƙaninka kuɗin makaranta da na ɗaki, an ce ya gama amma wai babu takardar lisans, wato digirin farko. Takardar sakamakonsa ce, wadda ɗalibai ke cewa relebe. Yaron harkar kuɗi da kontabilite, wato aikin akanta, yake karantawa kuma wallahi yana da ƙwaƙwalwa, lissafin kuɗi 14 bisa 20, dokar haraji 13, sai can a shekarar farko na ga layin Ingilishi babu komai a gabansa, bai ma shiga jarrabawar ba. Kiredi biyu kacal, wato awon da jami'a ke ƙirga wa ɗalibi a kan kowane darasin da ya ci. Yana da 178, ana neman 180.

Na ce Kawu ai irin littafin nan naka ne, ita ma jami'a tana da nata, kuma ba ta yafewa don mutum ya daɗe yana zuwa.

To ga yadda abin yake, don na san iyaye da yawa a Marwa da Ngaundare da Kuseri har Njamena suna cikin wannan duhun. Tsarin sunansa LMD, wato lisans, masta, dokta. Daga Turai ya samo asali, yarjejeniyar Bolonya ta 1999, sai shugabannin ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, wato Kamaru da Cadi da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, suka amince da shi a Libirabil a 2005, aka fitar da umarnin aiki da shi a 2006, jami'o'in gwamnati na Kamaru suka shiga cikinsa a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008. Manufar ita ce takardar da yaro ya samu a Dang, inda jami'ar Ngaundare take, a fahimce ta a Njamena ko Libirabil ba sai an yi ta jayayya ba.

Mu abin da muka saba da shi tun daga lekol zuwa lise shi ne a haɗa makin shekara gaba ɗaya, ka kai 10 ka wuce, ba ka kai ba ka maimaita aji. A jami'a ba haka ba ne. An raba shekara gida biyu, kowane zango ana ce masa semestir, kowane semestir kiredi 30 ne, shekara 60, lisans shekara uku kiredi 180 kenan, masta kuma shekara biyu kiredi 120 a kai. Kowane darasi da nauyinsa gwargwadon aikin da yake ci, babba kamar kontabilite yakan ɗauki da yawa, ƙarami kamar na harshe kaɗan. Ka samu 10 bisa 20 kiredin sun zama naka, kuma nan ne alherin tsarin yake, abin da ka ci ka ci kenan, ko rashin lafiya ta kwantar da kai ko kuɗi suka yanke ka zauna gida shekara guda, in ka dawo ba za a ce ka sake su ba. Ni a ganina wannan adalci ne babba ga ɗan talaka, don mu nan ba kowa ke iya yin shekara uku a jere ba tare da wani abu ya gitta ba.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne ana iya barin ɗalibi ya haura aji na gaba alhali bai kammala kiredin baya ba, in dai ya kai ma'aunin da fakultensa ta sa. Abin da ya rage shi ɗalibai ke kira det, bashi dai. Sai yaro ya bugo waya ya ce Baba na wuce, a yi murna, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya wuce ɗin, bai dai faɗi cewa da kaya a bayansa ba. Akwai jarrabawar gyara, ratirafaj, da ake yi wa waɗanda suka faɗi, akwai kuma cike gurbi inda maki mai kyau ke ɗaga mara kyau a cikin rukunin darussa ɗaya, sai dai wanda bai zauna jarrabawa ba sam me za a cike masa? A wurare da yawa gwajin cikin zango yana ɗaukar kashi 30, babbar jarrabawa 70, don haka mai tsallake gwaji ma ya riga ya rage wa kansa ƙarfi tun kafin a shiga ɗaki. In kuma kuskure aka yi wajen rubuta maki, ana shigar da ƙorafi a rubuce, reket, amma kwanakinsa ƙidayayyu ne daga ranar da aka manna sakamako a allo, wanda ya tafi hutu gida bai leƙa ba shi ke nan.

Yanzu maganar Ingilishin nan da yaranmu suka raina. Ba malami ne ya ga dama ya ƙirƙiro shi ba. Tsarin mulkin 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma kuma darajarsu ɗaya, dokar 24 ga Disamba 2019 ta ƙara jaddada haka har ta ba mutum damar a yi masa aiki a ofishin gwamnati da wanda ya zaɓa cikin biyun, shi ya sa a jami'a wanda ya taso da Faransanci ake ɗora masa Ingilishi, ɗan Bamenda ko Buya kuma a ɗora masa Faransanci. 'Yan'uwanmu na Cadi da ke cika Dang su ma yana kansu, duk da su a gida Faransanci da Larabci ne na hukuma, kuma ina tausaya wa wanda ya yi bak ɗinsa, jarrabawar gama lise, da Larabci, harshe biyu yake kokawa da su lokaci guda ga kuma lissafi.

Ga mai karatun kuɗi kuwa raina shi ganganci ne. Kontabiliten da ake koya masa na OHADA ne, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ƙasashe 17 ke aiki da shi, sabon tsarin ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, yana da kyau ƙwarai, da shi za ka riƙe littafin kamfani a Duwala ko Mundu ko Yamai. To amma Najeriya ba ta ciki, kuma kowa ya san kayan da ke shagunanmu da yawansu ta Mubi da Yola suke shigowa, takardunsu da Ingilishi. Ƙa'idojin lissafi na duniya, IFRS, waɗanda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ke bi, asalinsu da Ingilishi ake rubuta su. Yaron da ke jin Hausa da Fulatanci da Faransanci in ya ƙara wannan ai ba ƙaramin jari ba ne a hannunsa, abin yana min ciwo in ga an yar da shi saboda darasin ya faɗo da sassafe.

Kawu ya tambaye ni to yanzu mene ne abin yi. Na ce sai ya sake rajista, kuɗin jami'ar gwamnati dai sefa 50,000 ne tun gyaran 1993, ana iya biya kashi biyu, ya zauna darasin nan guda ɗaya ya ci, sauran 178 ɗin suna nan ba wanda zai taɓa su. Asarar ita ce shekara, abokansa za su nemi masta ko su shiga konkur, jarrabawar gasa ta neman gurbi, shi yana jira. Na kuma roƙe shi dan Allah daga yau duk ƙarshen semestir ya daina tambayar ka wuce ko ba ka wuce ba, ya ce kiredi nawa ka samu cikin 30, ƙanwarsa ma da za ta shiga bana haka.

Ya yi shiru, ya ninke takardar ya mayar cikin littafin, sannan ya ce wa yaron shago ya miƙo masa waya ya kira ɗan nasa.