Mene ne CIEM, kuma me mutum yake saya idan ya biya dala 2,000 a kan abin kunne?

Duk wanda yake kallon manyan mawaƙa a kan dandamali ya taɓa lura da wani abu da ya cike musu kunne tam, da 'yar siririyar waya da ta zagaya ta bayan kunnen ta gangara cikin riga. Wasu na ɗauka iyafis ne irin na waya, wasu kuma na zaton ta nan ake raɗa wa mawaƙi baitin da ya manta. Sunan abin a Turance in-ear monitor, ana taƙaita shi IEM. Idan an ƙera shi daidai da kunnen mutum guda, sai a ƙara harafin C a gaba, na kalmar custom, ya koma CIEM. A Hausa za mu iya cewa "na awo", kamar yadda ake bambanta rigar da tela ya auna ka ya ɗinka da wadda ka ɗauka a kanti.

Kalmar monita a nan ba allon kwamfuta take nufi ba. A wurin masu harkar sauti, monita ita ce sifikar da ke fuskantar mawaƙi da makaɗa domin su ji kansu. Manyan sifikokin taro suna kallon jama'a ne, abin da ke dawowa kan dandamali amsa-kuwwa ce kawai, a makare kuma a cakuɗe. Shi ya sa a da ake jera wasu sifikoki a ƙasa gaban kowane mutum. Sai aka shiga wata matsalar: mai ganga ya ce a ƙara masa, mai jita ya ce shi ma an danne shi, mawaƙi ya ce ba ya jin muryarsa, kowa ana ƙara masa har dandamalin ya koma wurin kashe kunne, makirufo kuma ya riƙa sakin wannan ƙarar mai tsinin da kowa ya sani. Tun a shekarun 1980 injiniyoyi irin su Marty Garcia, wanda ya kafa Future Sonics, suka fara mayar da monitar cikin kunne. A 1995 Jerry Harvey, injiniyan sauti na ƙungiyar Van Halen, ya ƙera wa makaɗin gangarsu Alex Van Halen na'ura mai 'yan sifikoki biyu a kowane kunne, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Logitech ya saye kamfanin a 2008, shi kuma Harvey ya ci gaba da nasa mai suna JH Audio. Wato kayan aiki ne tun asali. Daga baya ne masu son jin kiɗa a gida suka gano shi suka rungume shi.

Yadda ake yin na awo shi ne mutum ya je wurin masanin ji, a duba kunnensa a tabbatar babu dauɗa ko ciwo. Za a tura ɗan soso mai zare cikin ramin kunne har ya wuce lanƙwasa ta biyu, domin ya tsare dodon kunne, sannan a ɗura silikon mai laushi ya cike ramin da kwarin kunnen na waje. Kamfanoni da yawa suna so a yi wannan awo baki a buɗe, an ciji ɗan wani abu, saboda ramin kunne yana sauya siffa idan muƙamuƙi ya motsa, mawaƙi kuwa bakinsa a buɗe yake aiki. Bayan 'yan mintuna silikon ya daskare a zaro shi. A yanzu yawanci na'ura ce ke ɗaukar siffarsa ta shigar a kwamfuta, a gyara, a buga kwanson da na'urar 3D, mafi yawa da roba mai tauri da ake kira akirilik. Wasu, kamar Sensaphonics na birnin Chicago, da silikon mai taushi suke yin nasu.

To a nan ne nake so mai karatu ya riƙe magana ɗaya, domin a kanta ake yawan ruɗewa. Kalmar "na awo" alkawarin zama daidai a kunne ta yi maka. Ba ta yi maka alkawarin sauti mai daɗi ba. Ana iya ɗinka riga ta zauna ɗas a jiki alhali yadin ba na kirki ba ne.

Amma kada a raina zaman daidai ɗin, don shi ne rabin aikin. Ƙaramar sifika a cikin kunne ba ta iya fitar da kaurin sauti, wato bes, sai idan iskar da ke tsakaninta da dodon kunne a rufe take ruf. 'Yar kafa kaɗan ta isa bes ya zube, kiɗa ya koma sirit kamar daga gwangwani. Da iyafis na kanti, wannan rufuwar ta dogara ga 'yar robar bakinsa, yau ta zauna gobe ta zame, musamman in ana gumi. Na awo kuwa kullum wuri ɗaya yake zama, a zurfi ɗaya, don haka sautin yau shi ne na gobe. Sannan yana tare hayaniyar waje, kamfanoni da dama suna cewa wajen desibel 26 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ga kwanson akirilik. Wannan ne amfanin da ya fi damuna a yi maganarsa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 kacal mutum yake da shi. Dandamali yakan kai nan ko ya wuce. Idan an tare hayaniyar, mawaƙi zai ji kansa sarai ba tare da ya ƙure ƙara ba. Idan kuwa ya ƙure duk da haka, ko ya cire na kunne ɗaya kamar yadda wasu ke yi don su ji jama'a, to ya ɓata amfanin, domin da kunne ɗaya sauti yakan yi kamar ya ragu, sai hannu ya kai ga ƙarawa. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Yanzu a leƙa cikin kwanson. 'Yan sifikokin da ke ciki, waɗanda masu harkar ke kira direba, iri biyu ne suka fi yawa. Akwai dainamik, wadda take sifikar da aka sani ce aka ƙanƙanta, tantani zagayayye da naɗin waya da maganaɗisu, tana tura iska da yawa, shi ya sa ake yabon bes ɗinta. Akwai kuma balanced armature, BA a taƙaice, ɗan akwatin ƙarfe ƙarami ƙwarai wanda aka daɗe ana amfani da shi a na'urar taimaka wa masu raunin ji. Saboda ƙanƙantarsa ana iya jera da yawa a kwanso ɗaya, a raba musu aiki: waɗannan su ɗauki kauri, waɗancan tsakiya inda murya take, wasu kuma kaifi. Da'irar da ke wannan rabon ita ake kira kurosoba. Kowane rukuni sautinsa yana bi ta siririn bututu zuwa bakin na'urar, a cikin bututun akan sa 'yar matata da ke rage tsini. Wasu sukan gauraya dainamik da BA, har da wasu nau'o'in na kaifi zalla.

Daga nan gasar lissafi ta taso. JH13 Pro na JH Audio ya fito a 2009 da direba 6 a kowane kunne, aka yi ta mamaki. Daga baya kamfanin 64 Audio ya fitar da A12t mai 12 a wajen dala 2,000, da A18t mai 18 a wajen dala 3,000. Mai saye kuma sai ya ɗauka sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan fage ban yarda da haka ba. Galibin waɗannan BA ɗin daga kamfanoni biyu suke fitowa, Knowles na Amurka da Sonion na Denmark, kuma masu ƙera na tsada da masu matsakaicin kuɗi duk can suke saye. Yawan direba yana da amfaninsa, yana ba kowace damar yin aiki ba tare da an matsa mata ba, wanda yake da muhimmanci ga mai ganga ko mai jitar bes da ke buƙatar ƙarfi. Amma kowace da aka ƙara, an ƙara wahalar sa su tafi tare ba tare da wata ta taka wata ba. Etymotic ER-4 ya fito tun 1991 da BA guda tak, kuma har yau ana girmama tsabtar muryarsa. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Abin da ke raba mai daɗi da marar daɗi shi ne saiti, wato yadda maƙerin ya auna kauri da tsakiya da kaifi. A nan akwai wani abu game da halittar kunne da ya kamata a sani. Kunnen waje da ramin kunne, wanda tsawonsa bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, suna ƙara wa sautin da ke kusa da 3 kHz (kHz ma'aunin kaifin sauti ne) ƙarfi sosai kafin ya isa dodon kunne, ƙwaƙwalwa kuma da haka ta saba tun haihuwa. Da zarar an toshe ramin da na'ura, wannan ƙarin ya ɓace, dole maƙeri ya mayar da shi da kansa. In ya yi ƙasa, murya ta yi nisa kamar daga bayan labule. In ya yi yawa, sai ka ji kamar ana yi maka tsawa, bayan rabin awa ka gaji. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi shekaru suna gwada masu sauraro ba tare da sun ga abin da ke kunnensu ba, suka fitar da wani ma'aunin saiti da mafi yawan mutane suka fi so. Ba doka ba ce, ni kaina ina ganin yankin muryarsa ya ɗan yi gaba da yawa, amma ya ba mu ma'aunin da za a yi gardama a kansa maimakon kowa ya yi ta siffanta abin da ke ransa.

Kwatanta biyu masu tsada aiki ne mai wuya, kuma mafi yawan kwatancen da ake yi ba na adalci ba ne. Kunnen mutum yakan fifita wanda ya fi ƙara ko da bambancin desibel 1 ne, ya ce ya fi haske ya fi cika, saboda haka in ba a daidaita ƙarar ba an riga an yi hukunci kafin a fara. Na'urar da aka jona su ita ma tana da hannu. Masu BA da yawa turjiyar lantarkinsu tana hawa tana sauka daga kauri zuwa kaifi, idan mafitar na'urar tana da tata turjiyar mai yawa sai saitin ya karkace, shi ya sa ake son mafitar da turjiyarta ba ta wuce om 1 ba (om shi ne ma'aunin turjiya). Zane-zanen awon sauti da ake yaɗawa suna da amfani, ina duba su kafin komai, sai dai kunnen roba na gwaji da aka fi amfani da shi, wanda ake kira 711, ba a dogara da shi sosai daga wajen 8 kHz zuwa sama, kuma tsinin da ke fitowa a wurin yana matsawa gwargwadon zurfin da aka tura na'urar. Ga kuma babbar matsalar: na awo ba a gwada shi kafin a saya. Abin da za a ba ka ka ji samfuri ne mai bakin roba, naka kuma zai shiga ya fi zurfi, kaifinsa zai ɗan bambanta. Akwai ɗan cinikin biri a sama a cikin lamarin, kuma gara mutum ya san da haka.

Shawarata ga mai kwatantawa ita ce ya zo da waƙoƙin da ya sani kamar yunwar cikinsa, musamman masu muryar mutum tsura, kuma ya daɗe. Wanda ya burge ka a minti biyun farko sau da yawa shi ne wanda aka cika wa kaifi, kuma shi ne zai fara gajiyar da kai. Akwai abubuwan da masu sharhi ke kira faɗin fili da rarrabewar kayan kiɗa. Ina jin su, ba na musu, kuma masu tsada nagari sukan yi fice a nan. Amma tazarar da ke tsakanin na dala 1,000 da na dala 3,000 ƙarama ce idan aka gwada da ta tsakanin marar kyau da na dala 500 mai saiti nagari.

Batun ko kuɗin ya cancanta ya dogara ga wanda ke tambaya. Ga mawaƙi ko makaɗi ko injiniya da ke kan dandamali dare bayan dare, ina ganin ya cancanta ba tare da wata-wata ba, ko da mafi araha ne mai direba biyu ko uku, domin zama daram da tare hayaniya su yake buƙata, kuma waɗannan ba su ƙaruwa da yawan direba. Haka wanda ramin kunnensa ya yi ƙanƙanta ko ya karkace har babu robar da ke zama masa. Ga mai sauraro a gida lissafin ya sauya a 'yan shekarun nan. Kamfanonin China irin su Moondrop da 7Hz sun fitar da na kanti a wajen dala 20 a 2022 masu saitin da a da sai an biya ɗaruruwa ake samu. Na kanti in ya gundure ka sai ka sayar. Na awo kuwa babu kunnen da zai shiga sai naka, mai saye sai ya biya a sake masa kwanso, don haka darajarsa tana faɗuwa warwas ranar da ya iso. Kunnen ma ba ya tsayawa yadda yake, ƙiba ko rama mai yawa tana sauya shi, shekaru ma haka, yaron da bai gama girma ba kuwa bai kamata a yi masa ba tukuna.

Wanda ya riga ya yanke shawara, ya kula da kwanakin farko. Yawancin kamfanoni suna ba da wa'adin gyara kyauta, sau da yawa kwana 30. A cikinsu ya sa shi na awanni, ya yi waƙa, ya buɗe baki sosai, ya tauna, ya juya wuya. In bes yana ɓacewa idan ya buɗe baki, kwanson ya yi kaɗan a wani wuri. In wani gefe yana masa zafi bayan awa guda, ya yi yawa. Ya lura da daidai inda abin yake, ya bayyana musu, ya mayar kafin wa'adin ya cika.