Lokutan Sosa Zuciya a Wasannin Bidiyo

Lokutan sosa zuciya a wasannin bidiyo su ne wuraren da labarin wasa, ko tsarin da ake buga shi, ke jefa mai wasa cikin tausayi, kewa, nadama ko baƙin ciki, har a wasu lokuta ya kai shi ga zubar da hawaye. Galibi suna zuwa ne ta hanyar mutuwar wani da aka daɗe ana tafiya tare da shi a cikin labarin, ko rabuwa, ko sadaukar da rai, ko wani zaɓi mai wuya wanda babu hanyar fita daga gare shi ba tare da asara ba. Fim da littafi ma suna sa mutum kuka, amma wasan bidiyo yana da wani abu da ya keɓanta da shi, wato hannun mai wasa yana cikin abin da ya faru. Shi ne ya danna maɓallin, shi ne ya zaɓi hanyar, saboda haka idan abin ya zo da ɗaci yakan ji nauyin alhakinsa a wuyansa.

Mafari

A shekarar 1983 kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda a lokacin bai wuce shekara guda da kafuwa ba, ya fitar da wata talla da ke tambayar ko kwamfuta za ta iya sa mutum kuka. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Infocom ya fitar da Planetfall, wasan da Steve Meretzky ya tsara, wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla: mai wasa yana karanta bayani a allo, ya rubuta abin da yake so ya yi. A cikinsa akwai wani mutum-mutumi mai halin ƙuruciya da son wasa, sunansa Floyd, wanda ke bin mai wasa duk inda ya sa ƙafa. Can gaba a labarin sai Floyd ya shiga wani ɗaki mai hatsari domin ya ɗauko abin da ake buƙata, ya fito da munanan raunuka, ya mutu a gaban abokin tafiyarsa. Masu rubuta tarihin wasanni suna yawan ambaton wannan wuri a matsayin ɗaya daga cikin na farko da suka nuna cewa na'ura za ta iya taɓa zuciya.

Mutuwar da ba ta gyaruwa

Wanda ya fi kowanne shahara shi ne mutuwar Aerith a Final Fantasy VII, wasan da kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan PlayStation ta farko. Aerith yarinya ce mai sayar da furanni, kuma tana cikin ayarin da mai wasa ke jagoranta. Yakan ɓata sa'o'i masu yawa yana ƙara mata ƙarfi, yana saya mata makami, yana dogaro da ita wajen warkar da sauran abokan tafiya. A ƙarshen faifai na farko daga cikin faifai uku na wasan, tana durƙushe tana addu'a, sai Sephiroth, babban mugun labarin, ya sauko daga sama ya soke ta da takobi. Abin da ya sa wannan ya girgiza mutane shi ne ya karya ƙa'idar da suka saba da ita, domin a irin waɗannan wasanni duk wanda ya faɗi a fagen fama ana tayar da shi da magani, a ci gaba da tafiya. A nan kuwa babu magani, babu komawa baya. Hatta faɗan da ya biyo baya ba a sa masa kiɗan yaƙi ba, sai aka bar taken Aerith mai sanyi, wanda Nobuo Uematsu ya tsara, yana ta tafiya. Shekaru da dama bayan haka matasa sun yi ta yaɗa jita-jitar cewa akwai wata ɓoyayyar hanya ta dawo da ita, kuma wannan nacin kansa shaida ne na yadda rashin ya zauna musu.

The Last of Us na kamfanin Naughty Dog, wanda ya fito a 2013, ya bi wata dabara mai kama da wannan cikin ɗan gajeren lokaci. Yana farawa ne da mai wasa yana sarrafa Sarah, ƙaramar 'yar Joel, jarumin labarin, tana yawo cikin gida da dare tana neman mahaifinta, sannan kafin gabatarwar ta ƙare wani soja ya harbe ta, ta cika a hannun uban.

Lokacin da hannun mai wasa ne ya aikata

A nan ne wasan bidiyo ya fi nuna abin da shi kaɗai ke iya yi. A ƙarshen Metal Gear Solid 3, wanda Hideo Kojima ya jagoranta a 2004, jarumin labarin yana kayar da matar da ta rene shi a aikin soja, ta koya masa duk abin da ya sani, wadda kuma ake zargi da cin amanar ƙasarta, a cikin wani fili cike da fararen furanni. Tana kwance, shi yana tsaye a kanta da bindiga, sai wasan ya dakata yana jiran mai wasa ya danna maɓallin harbi da yatsansa. Daga baya ne ake bayyana cewa ba ta ci amanar ƙasarta ba, umarni take bi, ta yarda a ɓata sunanta domin a kauce wa yaƙi. A Red Dead Redemption 2 na 2018, wanda labarinsa ke gudana a Amurka ta 1899, jarumin labarin, Arthur Morgan, ya kamu da tarin fuka ne daga wani talaka marar lafiya da ya je karɓar bashi a wurinsa ya lakaɗa masa duka, kuma mai wasa ne ya yi dukan. Sauran labarin tafiya ce ta mutumin da ya san kwanansa ya kusa ƙarewa, yana neman gyara abin da zai gyaru.

Babu wasan da ya kai Brothers: A Tale of Two Sons zurfafa wannan dabara, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Josef Fares, haifaffen Beirut da ya girma a Suwidin, shi ya tsara shi tare da kamfanin Starbreeze a 2013. Labarin 'yan'uwa biyu ne, wa da ƙane, da suka fita neman ruwan magani domin mahaifinsu da ke kwance rai a hannun Allah. Mutum ɗaya ne ke sarrafa su duka biyun a lokaci guda: hannun hagu na wan ne, hannun dama na ƙanen. Da farko abin yana rikita mutum, yatsu suna ta saɓani, amma sannu a hankali hannuwan biyu sukan saba da aiki tare. Ƙanen yana tsoron ruwa domin a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, don haka duk inda za a ƙetare kogi sai ya maƙale a bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya samu rauni ya mutu, kuma mai wasa ne da kansa zai jawo gawar zuwa kabari, ya tura ƙasa a kanta. Daga nan hannun hagu ya zama ba shi da aikin yi. A kan hanyar komawa gida yaron ya iske ruwa a gabansa, duk yadda aka danna maɓallinsa ba zai iya ƙetarewa ba, har sai mai wasa ya tuna ya danna maɓallin wan da ya rasu, sannan yaron ya samu ƙarfin yin iyo. Babu wanda ya faɗa wa mai wasa cewa abin da babba ya koya wa ƙarami yana nan tare da shi bayan mutuwa. Yatsansa ne ya gano haka. Mutanen bakin kogi, irin na Argungu da Yawuri, inda yaro kan koyi ruwa a hannun yayyensa, ba sa buƙatar dogon bayani kafin su fahimci wannan wuri.

Doki

Abin lura ne cewa wurare biyu daga cikin waɗanda aka fi tunawa sun shafi doki. A Shadow of the Colossus na Fumito Ueda, wanda ya fito a 2005, wani saurayi mai suna Wander yana kashe manyan halittu 16 domin a dawo da ran wata yarinya, kuma a duk faɗin ƙasar da yake ratsawa ba shi da abokin tafiya sai dokinsa Agro. Wasu daga cikin halittun ba sa taɓa kowa sai an tsokane su, kuma idan ɗaya ta faɗi kiɗan makoki ake sakawa maimakon na nasara, har mai wasa ya fara tambayar kansa ko daidai yake yi. A hanyar zuwa ga ta ƙarshe gada ta rushe, Agro ya wurga mahayinsa zuwa tsallake, shi kuma ya faɗa cikin kwazazzabo. Haka nan a ƙarshen labarin Arthur Morgan ana harbe dokinsa, kuma idan mai wasa ya kula da shi sosai, yana ba shi abinci yana goge masa jiki, Arthur yakan durƙusa a tsakiyar harbe-harbe ya yi masa godiya. A ƙasar da ake hawan salla, inda mai doki ya san wahalar harawa da dusa da wanka, wannan shaƙuwa ba baƙuwa ba ce.

Wasannin da aka gina a kan rashi na gaske

Wasu masu ƙirƙira sun ɗauko baƙin cikinsu na zahiri sun mayar da shi wasa. Ryan da Amy Green, ma'aurata daga jihar Kolorado ta Amurka, sun fitar da That Dragon, Cancer a 2016 a kan ɗansu Joel, wanda aka gano yana da ciwon daji yana ɗan shekara ɗaya, ya rasu a 2014 yana da shekara biyar. A wani wuri a cikinsa mai wasa yana ɗakin asibiti da dare, yaron yana ta tsala kuka, a ba shi abin sha ya amayar, a ɗauke shi a rarrasa ya ƙi shiru, har sai uban ya koma ga addu'a sannan yaron ya samu barci. Wasanni sun saba koya wa mutum cewa kowace matsala tana da maɓallin da ke warware ta, wannan kuwa ya ƙwace masa wannan tabbaci da gangan. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau domin juyayin rasuwar mahaifinsa, ya kuma gina duniyar wasan a kan al'adun Bantu.

This War of Mine, wanda kamfanin 11 bit studios na Folan ya fitar a 2014, ya ɗauki darasi daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Mai wasa ba soja ba ne, yana kula ne da fararen hula da suka fake a wani rusasshen gida, da rana su ɓuya, da dare ɗayansu ya fita neman abinci da magani. Yana iya shiga gidan wasu tsofaffi biyu marasa ƙarfi ya kwashe abin da suke da shi, babu mai hana shi, amma mutanensa sukan shiga ƙunci bayan haka har wani ya kasa tashi. A 2020 gwamnatin Folan ta sanya wasan cikin jerin abubuwan da ake ba ɗaliban sakandare shawarar nazarta. Ga iyalan Zamfara da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, tambayar da wasan ke yi, wato me mutumin kirki zai aikata idan yunwa ta kama 'ya'yansa, tambaya ce ta yau da kullum, kuma saboda haka ya kamata a yi hattara wajen miƙa irin wannan wasa ga wanda ciwon bai warke masa ba.

A Kebbi da Zamfara

A Birnin Kebbi, Gusau, Jega, Ƙauran Namoda da sauran garuruwa, mafi yawan matasa sun san wasan bidiyo ne ta gidajen gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation, da kuma ta waya, inda Free Fire, PUBG Mobile da eFootball suka yi kaka-gida. Waɗannan wasannin gasa ne, abin da suke tayarwa shi ne murna, haushi da gardama. Wasannin labari kuwa ba su dace da tsarin gidan gem ba, domin suna cin sa'o'i goma, ashirin ko fiye, suna son mutum ya zauna shi kaɗai cikin natsuwa, alhali mai shago yana lissafin man janareta, wasu kuma suna jiran layi. Ga kuma nauyinsu: Red Dead Redemption 2 yana cin wajen gigabait 100, abin da ya fi ƙarfin datar mafi yawan mutane. Shi ya sa da yawa suke ganin waɗannan wurare a gajerun bidiyoyi na YouTube da TikTok, kuma wanda ya kalli mutuwar Aerith cikin minti uku bai yi doguwar tafiyar da ke ba ta nauyinta ba.

Harshe ma shinge ne, tun da manyan wasannin nan ba sa zuwa da Hausa. Sai dai wasu daga cikin mafi tasiri ba su dogara da magana ba. Mutanen Brothers suna magana ne da wani ƙagaggen yare da babu mai jin sa. Journey na 2012, wanda Jenova Chen ya jagoranta, ba shi da kalma ko ɗaya: matafiyi ne a cikin hamada yana nufar wani dutse mai haske, a hanya yakan haɗu da wani mai wasa daga wata ƙasa ta intanet, ba su san sunan juna ba, ba sa iya rubuta wa juna komai, sai dai ɗan sauti da suke yi. Sukan jira juna, su nuna wa juna hanya, su hau dutsen tare cikin ƙanƙara har ƙafafunsu su gaza. Sai bayan an kammala ake nuna sunayen waɗanda aka yi tafiyar da su. Kiɗan wasan, na Austin Wintory, shi ne cikakken kiɗan wasan bidiyo na farko da aka tsayar takarar lambar Grammy.

Muhawara

Ba kowa ya yarda da darajar waɗannan lokuta ba. Roger Ebert, fitaccen mai sharhin fina-finai na Amurka, ya dage a 2010 cewa wasan bidiyo ba zai taɓa zama fasaha ta gaskiya ba, ko da yake a 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok ya fara tattara wasanni 14 cikin taskarsa. Akwai kuma suka mai tushe daga cikin masu wasan kansu, cewa wasu kamfanoni sun mayar da kashe yaro, mace ko dabba wata gajeriyar hanya ta matso hawaye ba tare da sun gina dangantakar da za ta sa rashin ya yi ma'ana ba. Iyaye da malamai a ƙasar Hausa sun fi damuwa da wani ɓangare dabam, wato lokacin da wasa ke cinyewa na salla, karatu da aikin gida, da kuma zubar da jini da tsiraicin da ke cikin wasu. Damuwar tana da hujja, domin da yawa daga cikin wasannin da aka ambata a sama, irin su The Last of Us da Red Dead Redemption 2, an yi musu alamar manya ne a hukumomin tantance wasanni na Amurka da Turai, kuma alamar tana rubuce a jikin kwalinsu ga duk uban da ya duba.