Makirufon ƙugu: tambayoyin da mawaƙa da masu kayan sauti suka fi yi

In ka je dinar biki a Gombe ko taron Maulidi, za ka ga mawaƙi ko sha'iri yana kai da kawowa, hannuwansa biyu a sake, amma muryarsa na tashi a lasifika. Abin da ke wannan aiki wani ɗan akwati ne da ke maƙale a ƙugunsa, a ƙarƙashin riga. Na daɗe ina haɗa kayan sauti, kuma tambayoyin da ake yi mini a kansa kusan kullum iri ɗaya ne.

Wai mene ne wannan ɗan akwatin?

Ƙaramin gidan rediyo ne, girmansa bai fi sabulun wanka ba. Makirufon kansa ɗan mitsitsi ne, ana maƙala shi a wuyan riga, ko a rataya a kunne ya zagayo gefen baki. Siririyar waya ce ke kai murya cikin akwatin, shi kuma ya cilla ta ta iska zuwa risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon, risiba ta ba mikisa, wato na'urar da ake haɗa sauti da daidaita shi, mikisa ta ba lasifika. Ƙarfinsa kaɗan ne, yawanci miliwat 10 zuwa 50, kuma yakan kai nisan mita 100 in babu abin da ya tare tsakani.

To me ya sa murya take ɗaukewa ana tsakiyar waƙa?

Nan ne aka fi ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye saƙon rediyo. Ana gwaji da yamma fili fayau, komai lafiya lau. Da dare kuma, da zarar amarya ta fito, 'yan liƙi sun yi wa mawaƙi zobe, sai murya ta fara tsinkewa, domin mutum hamsin sun tsaya tsakanin akwatin da risiba. Sau da yawa ma risibar tana ƙarƙashin tebur, bayan lasifika, kusa da tarin wayoyin wuta. Ka ɗaga ta sama da kawunan mutane, inda za ta riƙa hango dandamali. In da hali ka sayi irin wadda ke sauraro ta eriya biyu tana zaɓar wadda saƙonta ya fi ƙarfi.

Sai kuma eriyar akwatin. Na taɓa ganin wani ɗan wasan daɓe ya nannaɗe tasa kamar igiyar guga ya cusa a aljihu tare da makullan babur, wai kada ta ɓata masa kwalliya. Taku goma bai yi ba murya ta ɗauke. Eriya a miƙe ake barin ta, kada ta manne da fata ko ƙarfe.

Mun kunna guda biyu sai suka riƙa shiga juna. Ina matsalar?

Kowane akwati sai da zangonsa shi kaɗai, kamar yadda tasha biyu ba sa zama a lamba ɗaya a rediyo. Yawancin masu kyau suna aiki a rukunin zangon da ake kira UHF, tsakanin megahaz 470 da 698, inda tashoshin talabijin ma suke. Don haka idan ka isa waje, ka bar akwatunan a kashe, ka sa risiba ta laluba zangon da babu kowa, sannan ka daidaita su ɗaya bayan ɗaya, wanda ka gama ka bar shi a kunne. Zangon da ya yi maka aiki a Tudun Wada ba dole ne ya yi a filin wasa na Pantami ba.

Masu sayen na gwanjo su duba lambar zangon da ke jikinsa. Amurka ta hana amfani da makirufo a zangon megahaz 700 tun 2010, kuma a nan ma kamfanonin waya suna tafiyar da 4G a 700 da 800, don haka akwatin da ke wannan zango zai iya karo da su. Akwai kuma akwatunan da ke aiki a gigahaz 2.4, ba wuyar haɗawa, sai dai suna gogayya da Wi-Fi da Bluetooth na wayoyin jama'a.

Batir fa?

Biyu ne, AA, kuma masu kyau sukan kai awa takwas. Kowane taro sabon batir. Na fitila mai araha zai ba ka kunya ana tsaka da kamu.

Yaya ake yi da zufa da manyan kaya?

A zafin Maris da Afrilu, mawaƙi zai sauko rigarsa sharkaf, gishirin zufa kuma shi ke cin bakin wayar a hankali. Kada akwatin ya taɓa fata. A sa shi cikin 'yar jaka ko leda, bakin yana kallon ƙasa don kada zufa ta taru a ciki, bayan taro a cire batir a goge shi a bar shi ya sha iska. Shadda mai sitati kuwa, duk saɓa babbar riga da aka yi sai an ji "ƙarr" a lasifika. Haka sarƙar wuya da mayafi in suna gogar makirufon. A maƙala shi a waje, kamar taƙi ɗaya daga haɓa.

Zan iya haɗa kowane makirufo da kowane akwati?

A'a. Na kamfanin Shure ƙaramin baki ne mai ramuka huɗu, na kamfanin Sennheiser kuma irin na abin sauraro na kunne ne, milimita 3.5, mai murfin da ake murɗawa ya kulle. Ko bakin ya shiga, haɗin wayoyin ciki yana iya bambanta. Ka tafi da akwatinka shago a gwada a gabanka.

Na wuyan riga ko na kunne, wanne ya fi?

Ga malami mai karatu a zaune, na wuyan riga ya isa. Ga mawaƙi mai kiɗa a bayansa kuwa, ni ba na ba da shi. Ya yi nisa da baki, dole a ƙara masa ƙarfi, daga nan sai wannan kuwwa mai tsaga kunne ta tashi, musamman in ya gifta gaban lasifika. Na kunne yana dab da leɓe, ƙarfi kaɗan ya wadatar.

Abu ɗaya nake gaya wa duk wanda na maƙala wa: "Yallaɓai, muddin fitilar nan ta jikin akwatin na ci, ka ɗauka ana jin ka." Wani mai gabatarwa ya taɓa zagayawa bayan rumfa bai kashe nasa ba, yana cinikin kuɗin aikinsa da ƙanin ango. Tun daga ranar, da na ga mutum ya sauka daga dandamali nake sauke layinsa a mikisa da kaina.