Idan ƙaramar hukuma ta ce ba ta son bututun gas, me doka ta ce?

Maganar bututun iskar gas da zai ƙetare Sahara ta daɗe tana tashi tana kwantawa. Nijar da Najeriya da Aljeriya sun sa hannu a yarjejeniyarsa a Abuja tun 2009, aka yi shiru. Aka sake zama a babban birnin Aljeriya a watan Yulin 2022, sannan a Fabrairun 2025 aka ƙulla wata yarjejeniya ta sabunta binciken aikin. Tsarin da ke kan takarda shi ne bututu mai tsawon sama da kilomita 4,000, daga Warri zuwa Hassi R'Mel, fiye da kilomita 800 daga ciki a ƙasar Nijar, yana ɗaukar gas har kubik mita biliyan 30 a shekara. Tun 2020 Najeriya ta soma shimfiɗa wani ɓangare na nata kason, mai kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Agadas ya san abin da ya sa Damagarawa ba za su ɗauki wannan zance a matsayin labarin nesa ba.

Bututu kuma ba baƙonmu ba ne. Akwai wanda ke kawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Zinder tun 2011, mai kilomita 462, akwai kuma na Benin da aka ƙaddamar a Nuwamban 2023, wanda ya ratsa jiharmu ta Damagaram kafin ya shiga Maraɗi. Shi ya sa tambayar ke yawan tasowa a fada da bakin kasuwa: idan hukumar gari ta tsaya kai da fata ta ce ba za a bi ta ƙasarta ba, aikin zai tsaya?

Ba zai tsaya ba. Gara a faɗi wannan tun farko, don kada wani ya ɗora wa magajin gari ko kantoma laifin abin da doka ba ta ba shi ba. Dokar man fetur ta Nijar ta 2017, mai lamba 2017-63, ta bar harkar mai da gas a hannun gwamnatin ƙasa. Izinin shimfiɗa bututu daga majalisar ministoci yake fitowa a Yamai, wanda zai ƙetare iyaka kuwa sai an haɗa da yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Ita kuma dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010 ta zana wa kowace ƙaramar hukuma iyakar aikinta: kasuwa, tasha, tsabta, rijiyoyi, makarantun firamare, tsarin raya gari da makamantansu. Duk shawarar da majalisar gari ta yanke sai ta je gaban wakilin gwamnati, perefe ko gwamna, ya duba ko ta dace da doka. Shawarar da ta ce "mun haramta bututu a ƙasarmu" ta fita daga hurumin majalisar, don haka ba ta ɗaure kowa. Abin da ya rage mata shi ne ta zama shaidar ra'ayin jama'a.

Yanzu ma lamarin ya ƙara sauyawa. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun jihohi da na birane da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kantoma gwamnati ce ta naɗa shi, ita kuma ke sauke shi. Ban ce babu mai kishin gari a cikinsu ba, amma wanda ke jiran kantoma ya fito fili ya yi jayayya da aikin da shugabannin ƙasa uku suka amince da shi zai daɗe yana jira.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne haka. A Amurka, inda ƙananan hukumomi ke da baki sosai, wata dokar 1938 ta ba hukumar tarayya ikon amincewa da bututun gas da ke ƙetare jihohi, kuma kamfanin da ya samu wannan izini yana iya karɓar fili ta hanyar kotu. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce kamfanin PennEast na iya karɓar har filayen gwamnatin jihar New Jersey. Amma ƴan watanni bayan wannan nasara kamfanin ya ajiye aikin, saboda bai samu takardun izinin da suka shafi ruwa daga jihar ba. Ba ihun "ba mu yarda ba" ya kayar da aikin ba, takarda ce. Mu ma a nan, ɗan ƙarfin da ƙaramar hukuma ke da shi a cikin takardu yake.

Ƙofar farko ita ce binciken muhalli. Dokar 14 ga Mayun 2018 ta wajabta wa babban aiki irin wannan a yi nazarin illarsa ga ƙasa da ruwa da rayuwar mutane kafin a soma, ofishin gwamnati mai kula da binciken muhalli, wato BNEE, ya duba rahoton, sannan ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. A cikin nazarin dole a saurari mutanen da aikin zai shafa. Wannan ne zaman da kan zo a ƙauye, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari, baƙi su yi bayani, a zagaya da takardar sa hannu, a ɗauki hoto. Mutane da yawa suna ɗaukarsa gaisuwa, su ce "Allah ya sa alheri" su watse. Alhali a nan ne layin bututu ke iya gocewa. Injiniya bai san inda za shi da "ba mu so" ba. Amma in aka ce masa layin ya bi ta maƙabarta, ko ya raba gari da rijiyarsa, ko ya faɗa cikin kwarin da ake noman rani da dabino kamar na ƙasar Gure, aka kuma nuna masa wata hanyar ta tudu, wannan magana ce da ke shiga rahoto, kuma dole a ba ta amsa. Ƙaramar hukumar da ta san aikinta takan tattara irin waɗannan bayanai ta miƙa su a rubuce, da hatimi, ta riƙe kwafi, ta kuma nemi a karanta wa jama'a abin da aka rubuta a takardar zaman kafin a sa hannu.

A wannan zama ne ya kamata a tambayi abin da ya bambanta gas da mai. Gas da matsi mai ƙarfi yake tafiya a cikin bututu. Bayan an binne shi, akan keɓe wani zirin fili a kansa inda ba a gini, ba a haƙa rijiya, ba a barin itace mai dogon saiwa. Faɗin wannan ziri nawa ne? Za a ci gaba da shuka gero a kansa ko an karɓe shi ke nan? Ina za a kafa tashoshin da ke ƙara wa gas matsi, kuma nisansu da gidaje nawa? Amsar waɗannan ita ke nuna ko gonar mutum aro aka yi na shekara guda ko rabuwa ce ta har abada.

Sai batun karɓar fili, inda na fi son mai karatu ya natsu. Dokar da ke aiki tsohuwa ce, mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamban 1961, aka yi mata gyara a Yulin 2008, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a Agustan 2009. Ginshiƙinta guda ne: gwamnati na iya karɓar filin mutum don amfanin jama'a, amma sai da diyya ta adalci, kuma a biya kafin a karɓa. Da farko akan ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, a buɗe bincike, a naɗa jami'in da zai zauna da rajista yana karɓar ƙorafi, a ƙirga masu filaye da abin da ke kai. Daga nan sai kwamitin sulhu, wanda perefe ke shugabanta. Magajin gari na da kujera a ciki, haka sarkin yankin da wakilin hukumar filaye. Idan mai gona ya yarda da kuɗin da aka yanka, an gama. Idan bai yarda ba, sai gaban alƙalin da ke kula da karɓar filaye a babbar kotu, shi zai tsayar da adadi. Alƙalin nan kuɗi yake yankewa, ba ya mayar da bututu baya.

Gyaran 2008 ya zo da abubuwan da manomi ya kamata ya haddace. Ana biyan abin da aka rasa da kuɗin da zai iya maye gurbinsa, ba a rage komai don tsufa. Diyya na iya zama kuɗi, tana iya zama fili a madadin fili. Amfanin gona kuma da farashin lokacin tsadar hatsi ake lissafa shi, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ba da farashin kaka ba. Duk wanda ya taɓa sayen tiyar gero a kasuwar Dole ta Zinder cikin watan Yuli ya san tazarar ba ƙarama ba ce. Itatuwa ma dukiya ne. Manomin Magarya ko Matamai da ya shekara ashirin yana renon gawo a gonarsa, ko mai kuka a Mirya da ganyenta ke kawo masa kuɗi duk shekara, bai kamata a ƙirga masa ƙasa kawai a tsallake abin da ke tsaye a kanta ba.

"Ai ba mu da takarda" ita ce maganar da ke karya gwiwar mutane, kuma ba ta da tushe. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da ta takarda. Gonar gado gonarka ce a idon doka. Matsalar ita ce shaida, musamman in magada sun yi yawa, ko gonar tana hannun wani a jingina. Don haka ne aka kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga na ƙauye da mai gari ke jagoranta, zuwa na ƙaramar hukuma, zuwa na gunduma. Su ke ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. A ganina babu wani aiki da hukumar gari za ta yi wa talakawanta a kan bututu da ya kai ta tayar da Kofo daga barci kafin masu ƙirga su iso, domin doka ta tanadi ranar rufe ƙirga. Wanda ya yi gini ko shuka a layin bayan ranar ba shi da komai, wanda kuma aka tsallake sunansa sai ya yi ta sintiri kafin a saurare shi. Tun ran gini ran zane.

Waɗanda aka fi tsallakewa sanannu ne. Matar da ke noma gamana a cikin gandun mijinta, sunan maigida ake rubutawa. Mai gonar aro ya shuka, mai ƙasa ya karɓi kuɗin duka. Ɗan ci-rani yana Libiya ko Kano ranar ƙirga. Ƙa'idojin 2009 sun yarda cewa wanda ba shi da mallakar fili ma yana iya samun diyyar abin da ya rasa na hanyar cin abinci, amma sai an rubuta shi.

Makiyaya nasu ya fi wuya. Burtali da mashaya da filin kiwo ba na mutum guda ba ne, don haka babu sunan da zai hau jerin masu karɓa. A arewacin Tanut da Belbeji da Tasker, bayan iyakar noma da wata doka daban ta 1961 ta shata, kusan ƙasar duka haka take. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta amince makiyaya suna da haƙƙin fifiko a mazauninsu na asali, kuma aikin mai ko ma'adinai ba ya shiga wurin sai da diyya. Sai dai rami mai tsawon kilomitoci da aka bari a buɗe lokacin da dabbobi ke gangarowa kudu bayan kaka yana iya tura garke cikin gonaki, rigima ta tashi tsakanin mutanen da ba su suka kawo bututun ba. Neman a bar mashigai a kan kowane burtali, a kuma tsara lokacin haƙa, magana ce da hukumar gari da shugabannin makiyaya za su iya kaiwa, kuma ba ta fi ƙarfinsu ba.

Wanda ke ganin an karya doka tun wajen ayyana aikin yana da hanyar ƙara, amma ba a kotun gari ba. Sai ya fara rubuta wa hukumar da ta yanke shawarar, in ba ta gyara ba ya nufi kotun ƙoli ta Cour d'État a Yamai, kuma wa'adin gajere ne. Tare hanya ko taɓa kayan aiki kuwa laifi ne, kuma tun harin da aka kai wa bututun Benin a yankin Tasker a Yunin 2024 hukuma da idon tsaro take kallon duk abin da ya kusanci bututu.

Saura zancen riba. An saba jin kashi 15 cikin 100 da dokar man fetur ta ware wa hukumomin jihar da ake aikin mai a cikinta. Wannan kaso daga wasu kuɗaɗe na musamman ake cire shi, babbansu harajin abin da aka haƙo daga ƙasarmu. Gas ɗin wannan bututu daga Najeriya zai taso, wucewa kawai zai yi, abin da Nijar za ta samu kuɗin ratsawa ne da za a tsayar a yarjejeniya. Haka kuma bututu ya bi ta bayan gari ba ya nufin gas ya shigo gari ko ya kunna injin lantarki, sai an gina tashar da za ta rage matsi ta raba shi, an kuma ware wa Nijar nata kason. Ƙaramar hukumar da ke son a ambaci rabonta a kuɗin ratsawa, ko a kafa irin wannan tasha kusa da Zinder, ko a ɗauki ƴaƴanta aikin da bai buƙatar ƙwarewa, takardarta ta hannun perefe da gwamna za ta bi zuwa ma'aikatar man fetur, kuma tana da amfani ne kawai in ta isa kafin a rufe yarjejeniyar.