Birkin gaba ba shi ke kayar da mai mashin ba

Da yawa daga masu zuwa aiki a kan mashin a Katsina sun taso suna jin cewa birkin hannu, wato na gaba, kayar da mutum yake yi, shi ya sa na ƙafa, wato na baya, kaɗai suke takawa. Tsoron yana da dalili, amma laifin ba na birkin ba ne.

Duk sanda aka rage gudu, nauyin mashin da na mahayi gaba yake komawa. Tayar gaba sai ta ƙara kama kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. Don haka kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake zuwa. Na baya shi kaɗai kan kulle taya, mashin ya yi ta sulɓewa.

Abin da ke kayarwa shi ne damƙe birkin farat ɗaya, musamman a kwana ko kan yashin da ke taruwa a bakin titi. A matsa shi sannu a hankali tare da na ƙafa, kan mashin yana miƙe.

Kowa na iya gwadawa a kwaltar da ba kowa, da hular kwano a kai: a gudun kilomita 20, a tsaya da na baya kaɗai, a yi alama. A maimaita da duka biyun, a kwatanta tazarar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu hawa mashin.