Sashe na 3(d): Dokar Indiya ba ta halatta jabun magani ba

Tun bayan da maganin tari da aka haɗa a Indiya ya yi sanadin mutuwar yara fiye da 60 a Gambiya a 2022, wata magana ta kama bakin mutane: wai dokar Indiya ce da kanta ta ba kamfanoni damar kwaikwayon maganin wasu, su haɗa shi yadda suka ga dama. Masu ɗan karatu har sukan ambaci sashe na 3(d) da shari'ar kamfanin magani na Novartis a matsayin hujja. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mai hawan jini ko mai ciwon suga ya ji wannan, ya ajiye maganinsa don tsoro.

Sashen yana cikin dokar mallakar fasaha ta Indiya ta 1970, wadda aka yi wa gyara a 2005. Ya shafi duk mai neman a ba shi haƙƙin mallakar wani sinadari na shekara 20, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Babu ruwansa da tsabtar masana'anta ko ingancin abin da ke cikin kwalba. Wannan aikin wata doka ce daban, dokar magunguna ta 1940, kuma a can ne hukuncin mai gurɓata magani yake. Yaran Gambiya guba ce ta shiga maganinsu, sakaci ne wajen haɗawa da dubawa.

To me sashen ya ce? Sinadarin da aka riga aka sani, in ka sauya masa siffa kawai, ba a ɗauke ka mai sabuwar ƙirƙira ba, sai ka nuna sabuwar siffar ta fi tsohuwar aiki.

Nan ne mutane ke rikicewa, domin siffa a ilimin haɗa magunguna ba ƙaramin abu ba ce. Sinadari ɗaya kan iya daskarewa ta hanyoyi da yawa, kamar tubali iri ɗaya da magina biyu suka jera, kowa da salonsa. Baƙin da ke cikin fensir da lu'ulu'u asalinsu ɗaya, jerin ne ya bambanta. Haka garin magani: wata siffar ta fi saurin narkewa a ciki, wata ta fi jure zafi, wata kuwa da ta sha iska sai ta jiƙe ta dunƙule. A 1998 sai da kamfanin Abbott ya janye kafson ritonavir na masu cutar ƙanjamau daga kasuwa, saboda wata sabuwar siffa da ba ta narkewa sosai ta ɓullo a cikinsa ba zato.

Da irin wannan hujja Novartis ya je. A 1998 ya nemi mallakar wata siffa ta imatinib, maganin sankarar jini da ake sayarwa da sunan Glivec. Ya ce wannan siffar ta fi zuba sumul a injin buga ƙwaya, ta fi daɗewa ba ta lalace ba, ba ta cika jan danshi ba, kuma abin da ke shiga jini ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Ofishin rajistar mallakar fasaha na birnin Chennai a Indiya ya ƙi a 2006. Aka yi ta fafatawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 1 ga Afrilu, 2013.

Kotun ba ta ce waɗannan halaye banza ba ne, kamar yadda ake yayatawa. Cewa ta yi kalmar "aiki" a wannan sashe, in ana maganar magani, tana nufin aikin warkarwa. Garin da ke zuba da kyau sauƙi ne ga mai masana'anta. Marar lafiya fa, ya fi samun sauƙi? Ko ƙarin kashi 30 ɗin, kotun ta ce sai an kawo shaidar bincike cewa ya ƙara waraka, kuma ba a kawo ba.

Babu tara a nan, babu ɗauri. Abin da mai nema ke rasawa shi ne ikon hana wasu haɗa maganin. Su kuwa masu haɗawar, dole su bi ta hannun hukumar magunguna kamar kowa. Kuma Indiya tana ba da haƙƙin mallaka ga sabon sinadari na gaske.

Kamfanoni na kukan cewa gyaran siffa ma bincike ne mai cin kuɗi, kuma kukan nasu ba ƙarya ba ne. Maganin da ke jure zafi alheri ne ga wanda ba shi da firji, ni kaina ina ganin sashen ya ɗan matse a wannan gaɓar. Sai dai a lokacin shari'ar, Glivec na wata ɗaya ya kai kusan rupi 120,000, na sauran kamfanonin kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, ga shi maganin ba na mako ɗaya ba ne, na shekaru ne. Da Novartis ya yi nasara, da haƙƙin mallakar wannan siffar yana hannunsa har wa'adin mallakar ya cika.