AU (gajeriyar kalma)

AU, ko au da ƙananan baƙaƙe, haruffa biyu ne kacal amma kusan duk yaren da ka leƙa sai ka tarar sun ba su ma'anarsu daban, wani wuri kalma ce cikakkiya, wani wuri taƙaitaccen sunan ƙungiya ko ƙasa, a kimiyya kuma alama ce.

A Hausa da wasu harsuna

Bahaushe yana cewa au in abu ya zo masa ba zato ko ya tuna wani abu, kamar "au, ashe kai ne?" ko "au, na manta!". Akwai kuma wata au ɗin mai ma'anar "ko", irin "au ka zo au ka bari", wadda yanzu an fi jin ta a bakin dattawa, kuma ana kyautata zaton daga Larabci ta shigo. Suwahili ma ya ari wannan ta Larabcin, sai dai su kullum suna amfani da ita. Bajamushe in ya buge ƙafa au zai ce saboda zafi. A Faransanci au haɗin kalmomi biyu ne, à da le, kuma "o" ake furta ta. A yaren Hawai da na Mawori tana nufin "ni".

Tarayyar Afirka

Nan ne aka fi samun ruɗani. A Turanci AU ce Tarayyar Afirka, amma Faransanci yakan sa suna a gaba sifa ta biyo baya, shi ya sa haruffan suka juye suka koma UA. Ɗan Kano zai gani a jarida AU, ɗan Maraɗi ya ga UA, alhali ƙungiya ɗaya ce mai hedikwata a Addis Ababa. Abin ya samo asali tun daga tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa ranar 25 ga Mayu 1963, wadda masu Turanci ke kira OAU masu Faransanci kuma OUA, ka ga ita haruffan ƙarshe ne kawai suka yi musaya. An fara maganar sauya ta a taron Sirte na Libiya a 1999 zamanin Gaddafi, aka amince da kundin kafa sabuwar a Lome a 2000, sannan aka ƙaddamar da ita a Durban a watan Yulin 2002. Mambobi 55 gare ta tun bayan da Maroko ta dawo a 2017, ita da ta fice a 1984 kan batun Yammacin Sahara, rigimar da har yau ba a warware ba. Irin wannan juyin shi ne ya ba da NATO da OTAN, ko AIDS da SIDA.

Wani abin dariya, duka biyun suna da masu su a wani fagen. A tsarin lambobin ƙasashe na ISO 3166 wanda ya fara fitowa a 1974, AU Ostireliya ce, UA kuma Yukren, don haka adireshin intanet mai ƙarewa da .au ko .ua ba ruwansa da Afirka ko kaɗan.

A kimiyya

Au da babban A da ƙaramin u alamar zinare ce, lamba ta 79 a jadawalin sinadarai. Daga kalmar Latin aurum aka yanko ta, bisa tsarin da Berzelius, masanin sinadarai ɗan ƙasar Siwidin, ya fito da shi wajajen 1813 zuwa 1814, kuma ita ba ta canjawa ko da wane yare aka rubuta littafin.

Masana taurari su ma suna da tasu au, ma'aunin tazarar da ke tsakanin duniya da rana, kusan kilomita miliyan 150. An daɗe ana rubuta ta iri iri, wasu AU wasu ua irin na Faransa, sai a 2012 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar da tsawonta a mita 149,597,870,700 daidai, ta kuma ce a riƙa rubuta au da ƙananan baƙaƙe.

A Japan kuwa au sunan layin waya ne na kamfanin KDDI.